Masu tambayar lafiya gida-gida: me suke nema, kuma don me ba su cika isowa ruga ba?

 Ga bayanin da muka kawo a shirin lafiya na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda yake daji da shanu ko yake kan hanya da kaya lokacin da aka watsa shi. In kai ne mai karatu a zangonku, don Allah ka karanta wa na kusa da kai.

Maganar ta shafi mutanen nan da kan zo gari a mota, maza da mata, da kwamfutar hannu da sikeli da allon awon tsayi. Su sauka wajen mai gari, su shiga wasu gidaje su tsallake wasu, su yi kwana biyu ko uku suna tambaye-tambaye, sannan su wuce ba su raba ko ƙwayar gero ba. Wani ya ce 'yan haraji ne, wani ya ce rajistar tallafi ce aka yi da son kai. To, duk ba haka ba ne. Binciken lafiyar jama'a ake kiran aikin, kuma abin da suka rubuta yana da hannu a yawan allurar rigakafi da gidan sauro da maganin da zai iso yankinku. Shi ya sa ya kamata ka san yadda abin yake.

Su wane ne, wa ya aiko su?

Mafi shahara cikin irin wannan bincike shi ne wanda ake kira DHS, wanda Faransanci ke ce wa EDS. An fara shi a 1984, kuma an yi shi a ƙasashe sama da 90. Akwai ɗan'uwansa MICS, wanda UNICEF ta ɓullo da shi a tsakiyar shekarun 1990. Akwai kuma na awon tamowa, wanda aka saba yi a Nijar akai-akai, inda ake ɗaura wa yaro zaren nan mai launi uku a dantse.

Ma'aikatan 'yan ƙasa ne. A Nijar, cibiyar ƙididdiga ta ƙasa da ke Yamai, wato INS, ita ke fitar da su. A Najeriya hukumar ƙidayar jama'a ta ƙasa ce ke yin DHS, tare da ma'aikatar lafiya. Nijar ta yi nata a 1992, 1998, 2006 da 2012, ta kuma yi wani mai kama da shi a kan haihuwa da mutuwar yara a 2021. Najeriya ta yi sau bakwai, daga 1990 zuwa na 2023 da ya shiga 2024. Kamaru da Cadi da Gana su ma duk suna yi. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne ko'ina, don a iya gwada Maraɗi da Katsina, ko a gwada bana da shekara goma baya.

Me ya hana a duba littafin asibiti kawai?

Ai littafin likita bai san kowa ba sai wanda ya zo. Matar da ta haihu a bukka, yaron da masassara ta ɗauke da dare aka yi masa sutura da safe, tsohon da ya sha sassaƙe har Allah ya yi masa cikawa, babu ɗayansu a littafi. Binciken Najeriya na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti, kuma yara 43 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa. Ka ga ke nan wanda ya tsaya ga littafin asibiti, labarin rabin jama'a ma bai ji ba, kuma rabin da ya ji su ne masu hali da na kusa da titi. Tun da mutane ba su zo ba, dole a bi su gida a tambaya.

Hannu guda daga buhu

Kai ɗan kasuwa ka fi kowa gane wannan. In za ka sayi buhun wake a Maigatari ko Ɗan Isa, ba ka zazzage shi ka ƙirga ƙwaya-ƙwaya. Hannu kake zurawa ka ɗebo. Amma fa in mai kaya ne ya ɗebo maka daga sama, inda ya jera mai kyau, an cuce ka. Sai ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, inda hannunka ya faɗa, sannan ka san abin da ke cikin buhun.

Haka binciken yake. Lokacin ƙidayar jama'a akan yanka ƙasa gunduwa-gunduwa a taswira, kowace gunduwa da 'yan gidajenta. Daga cikin waɗannan ake zaɓar wasu ta hanyar ƙuri'a da kwamfuta. Sai a tura ayarin farko su zagaya gunduwar da ta fito, su zana ta, su rubuta kowane gida da sunan mai gidan. Daga wannan jerin a sake jefa ƙuri'a a fitar da gidajen da za a shiga. A Najeriya a 2018 an zaɓi gunduwa 1,400, a kowace gida 30, jimla gida 42,000. An yi hira da mata kusan 42,000 masu shekara 15 zuwa 49, da maza sama da 13,000. A Nijar a 2012 matan da aka tambaya sun haura 11,000.

Abu biyu za ka ɗauka a nan. Na farko, ba mai gari ne ya zaɓi gidan wane ya bar naka ba, ma'aikacin ma ba shi da ikon musanya gida da gida. Na biyu, a ƙasa mai yawan Najeriya, gida ɗaya da aka shiga yana tsaya wa wajen gida dubu da ba a shiga ba. In ka ɓoye gaskiya, a bakin gida dubu ka ɓoye ta.

Tambayoyin da za ka ji

Za a fara da mai gida ko wani babba: su wa ke zaune a gidan nan, shekarunsu nawa, wa ya yi makaranta. Za a tambayi inda kuke ɗebo ruwan sha, irin makewayi, abin da ake girki da shi. Za su roƙi ganin gidan sauro, abin da mutanen Nijar ke ce wa sange, su tambayi wa ya kwana ciki daren jiya. Wani lokaci su nemi ɗan gishirin miya su ɗiga masa magani, su ga ko yana da sinadarin da ke hana maƙoƙo.

Sannan ga tambayar da ke sa makiyayi ya gyara zama: shanu nawa, tumaki nawa, awaki nawa? Mun sani, wanda kakansa ya sha jangali ba ya son a ƙirga masa dukiya, kuma ko ba jangali ba, ba al'adar Bafillace ba ce ya faɗi yawan garkensa. Amfanin tambayar shi ne a kasa gidaje kashi biyar, daga mafi ƙaramin ƙarfi zuwa mafi hali, a ga ko ɗan talaka yana samun allura kamar ɗan mai kuɗi. Don haka ne ma ake tambayar rediyo da babur da irin rufin ɗaki. Ba a miƙa amsarka ga ofishin haraji ko kwastan ko duwan.

Ke kuma uwargida, mace ce za ta zauna da ke, ku biyu, nesa da kunnen kowa. Hirar kan ci awa guda ko fiye. Za ta bi haihuwarki ɗaya bayan ɗaya tun daga ta fari: yaushe aka haife shi, yana raye, in ya rasu yana da wata nawa ko shekara nawa. A nan ne aikin ya fi nauyi, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna ba da gangan ba.

Akwai kunyar ɗan fari. Mace da yawa ba ta kama sunansa, wata ma in an ce 'ya'yanki nawa sai ta tsallake shi. Ba sai kin faɗi sunan yanka ba, ki ba da laƙabin da ake kiransa da shi a gida, amma dai a sa shi a lissafi. Akwai kuma jaririn da ya koma kafin suna. Zuciya ba ta son tuna shi, wasu ma ba sa ƙirga shi cikin 'ya'ya. Amma in ya yi kuka ko ya yi numfashi ko ya motsa, ko da na ɗan lokaci ne, ana so a rubuta shi. Dalili kuwa, mutuwar kwanakin farko ita ce ke nuna inda ake buƙatar ungozoma mai horo da ɗakin haihuwa. In iyaye mata suka yi shiru a kanta, takarda za ta ce yankinku lafiya lau, a kai ungozomar wani wuri.

Za a kuma tambaye ki 'yan'uwanki mata da kuke ciki ɗaya: akwai wadda ta rasu da ciki, ko wajen haihuwa, ko cikin jego? Da wannan ake gane yawan matan da haihuwa ke ɗauka, tun da wadda ta tafi ba ta nan balle ta ba da labarinta.

Sai maganar shekaru. In babu takardar haihuwa, kada a yi ta cewa "shekara biyar" don a huta. A tuna da abin da ya faru: damina nawa ya gani, kafin babbar Salla ne ko bayanta, shekarar da aka rufe boda a 2019 ce, ko ta korona, ko ta canjin kuɗin naira a 2023. Wata shida a shekarun yaro ba wasa ba ne, don da shekarunsa ake gwada tsayinsa da nauyinsa a gane ko abinci ya ishe shi.

Awo da ɗigon jini

A wasu gidajen za a ɗora yara a sikeli, a auna tsayinsu. Zaren dantse kuwa, in ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a kai yaron likita ranar nan. Akan kuma soki yatsa ko dunduniyar yaro a ɗebi ɗigon jini, da sabuwar allura da za a buɗe a gabanka. Ana duba ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro, kuma a binciken Najeriya na 2018 har da sikila. Sakamakon ƙarancin jini da na zazzaɓi nan take ake faɗa maka. In an ga zazzaɓi akan ba da magani, in abin ya yi tsanani a ba ka takardar zuwa asibiti.

Kafin a fara komai dole a karanta maka bayani a nemi yardarka. Kana da ikon ka ƙi, kana da ikon ka tsallake tambayar da ba ka so, kuma babu hukunci. Ba a fitar da sunan kowa a rahoto. Ko alamar wurin da aka ɗauka da na'ura, da gangan ake gusar da ita a taswira, har kilomita 2 a birni, har 5 a karkara, don kada wani ya gane ainihin ƙauyen.

Abin da ya fito daga bakin mutane

Ga kaɗan daga ciki. A Nijar, binciken 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A 1998 adadin ya koma 274, a 2006 ya koma 198, a 2012 ya sauko 127. A tsakanin nan ne aka yawaita ɗakunan shan magani na ƙauye, aka raba sange, aka kuma sa duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun daga 2006. Ba don an koma an sake tambaya ba, da ba wanda zai iya cewa aikin ya yi amfani ko bai yi ba.

A Najeriya a 2018 adadin ƙasa baki ɗaya 132 ne, amma da aka rarraba shi jiha-jiha sai ga Kebbi, maƙwabciyar Doso, da 252, Ogun kuwa can kudu 30. Yaran da suka kammala allurar rigakafi ta farko 31 ne cikin 100 a ƙasa duka, a Anambra 76, a Sakkwato 2 kacal. Zazzaɓin cizon sauro a jinin yara, Legas 2 cikin 100, Kebbi 52. Irin waɗannan alƙaluma ne ake ɗorawa a tebur in ana rabon kuɗi da ma'aikata, kuma da su ne wakilin yanki zai iya tsayawa ya ce jama'ata aka bari a baya, ga shaida.

Inda hannun bai kai ba

Yanzu ga inda maganar ta zo kanka. Ka tuna, daga jerin gidaje ake jefa ƙuri'a. Wanda ba ya cikin jerin, ko sau dubu aka jefa ba zai fito ba.

Ayarin farko kan zo makonni ko watanni kafin masu tambaya. In sun zo da rani kana kudu wajen ruwa, ba su gan ka ba. In sun same ka sun rubuta bukkarka, kafin ayari na biyu ya iso damina ta sauka ka yi arewa, sai su tarar da kufai da busasshen kashin shanu. Ga kuma tsufan taswira: binciken Najeriya na 2018 a kan taswirar ƙidayar 2006 aka gina shi, mashekarin da aka kafa bayan nan sai an yi sa'a. Ga rashin tsaro: a wannan shekarar akwai ƙananan hukumomin Borno da aka cire gaba ɗaya don ba a iya shiga. Sannan kowace ƙasa iyakarta take tsayawa. Iyalin da ke wata biyar a jihar Tawa, wata bakwai a Sakkwato ko Neja, suna iya faɗawa tsakani, Yamai ba ta ƙirga su ba, Abuja ba ta ƙirga su ba.

Ɗan kasuwa ma haka. Litinin yana wannan kasuwa, Alhamis yana waccan, ya kwana a tasha ko a rumfa ko cikin mota. Binciken gidaje ba ya shiga tasha. In an zo gidansa sau uku ba a same shi ba, sai a rubuta ba ya nan.

Abin da ke biyo baya a fili yake. Ma'aikatar lafiya na lissafa allura da ma'aikata bisa mutanen da take da labarinsu. Ƙyanda da sanƙarau kuwa ba su san boda ba, ba su tambayar katin ɗan ƙasa. Yaron da ba a ƙirga ba shi ne ba a yi wa tanadi ba, kuma shi cutar ke fara samu.

Darasin Cadi

Wajen shekarar 2000, masu bincike na Cadi tare da wata cibiyar lafiya ta ƙasar Suwizalan sun bar jiran makiyaya a gari, suka bi su har zangonsu a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Abin da suka tarar ya girgiza hukuma: cikin yaran makiyayan da aka duba, babu ko ɗaya da ya kammala allurar rigakafi, alhali shanun iyayensu likitan dabbobi na yi musu tasu. Daga nan aka haɗa tafiya: mota guda, likitan dabbobi da ma'aikacin lafiyar mutane, a yi wa garke allura a yi wa yara da mata a zango guda, rana guda. Kuɗin mai da na sanyaya magani ya ragu, iyaye kuma suka fito, don mai kula da shanunsu ba baƙo ba ne a wurinsu.

A kudancin Habasha kuma an gwada wata dabara wajen makiyayan Nyangatom: aka duba hoton tauraron ɗan'adam na kwanan nan aka gano inda zangunansu suke, daga nan aka jefa ƙuri'ar. Ashe dai ƙirga makiyayi abu ne mai yiwuwa, in an nufa.

Wani abu kuma: a da, kuɗin DHS mafi yawa daga hukumar USAID ta Amurka ya riƙa fitowa, amma a farkon 2025 aka yanke shi. Don haka kada ka ɗauka kullum za a riƙa zuwa. In ya zo, a yi shi da kyau.

To, me za ka yi?

Ardo da garso da sarkin zango, in kun ji ana rubuta gidaje a ƙauyen da kuke maƙwabtaka da shi, ku je wajen mai gari ku ce a zo a ga ko rugarku na cikin gunduwar. Ku faɗi watan da za ku tashi da inda za ku nufa. Ba ku da ikon cewa a zaɓe ku, amma kuna da haƙƙin shiga jerin.

Mai masauki, ka sani baƙon da ya kwana gidanka daren jiya yana cikin lissafi. In fatake sun sauka wurinka, ka ambace su. Kai kuma mai tafiya, in an ce gidanka ya fito, ka bar wa iyali izini su amsa, ka kuma faɗi ranar da za ka dawo.

Katin allurar yara da na awon ciki, a naɗe su a leda a ajiye tare da takardun shanu. Ko na Nijar ne kana Najeriya, ko na Kamaru ne kana Cadi, ka nuna shi, za a kwafi kwanakin da ke ciki. Kati ya fi tuni.

Kada ka ƙara, kada ka rage. Wani kan ɓoye sange ya ce ba shi da shi, wai ko za a ba shi sabo. Masu tambaya ba su raba kaya, kuma ƙaryar na iya sa a ce rabon da aka yi bai isa ba alhali wata matsalar ce ke kashe yara.

Ka kuma kiyaye kanka. Ma'aikacin gaskiya yana da katin shaida da takardar hukuma, ta hannun mai gari yake shigowa, ba ya karɓar ko dala. Zai iya tambayar ko kana da asusun banki ko waya, amma ba ya neman lambar asusu ko lambar sirri. Wanda ya nemi waɗannan, ka sanar da mai gari.

Ƙungiyoyinku kuma, irin su AREN a Nijar da Miyetti Allah a Najeriya da haɗakar Billital Maroobe, su ne bakinku a gaban hukuma. Ku sa su nemi a riƙa yin lissafin lafiyar makiyaya a inda kuke taruwa: bakin rijiyoyi, kasuwannin dabbobi, wuraren allurar shanu, da taron shan gishiri na Ingal da ake yi a ƙarshen damina. Kai da ka san kowace saniya a garkenka da sunanta da uwarta, ka san abin da ba a ƙirga ba shi ke ɓata ba a nema.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko mana ta hanyar da aka saba, za mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuri'a, ya kiyaye dukiya, ya kai matafiya gida lafiya. Amin.